Kyanwata kullum tana kuka a bakin kwano, amma ƙiba take yi: nawa ya kamata ta ci a rana?

Maman Gimbiya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka riga ni daɗewa da kiwon kyanwa. Tawa shekararta uku, sunanta Gimbiya, ba ta fita ko nan da can, kuma bara aka yi mata aikin cire mahaifa. Busasshen abinci nake ba ta, irin na buhu. Da safe nakan cika mata kwano, da yamma in na ga ya yi ƙasa sai in ƙara. Duk da haka da zarar na miƙe sai ta biyo ni da kuka kamar wadda ta kwana uku ba ta ci ba. Jiya ƙanwata ta zo, ta ɗauke ta, ta ce wannan ai ta yi nauyi da yawa. Na auna ta, kilo 5.6. To abin ya ɗaure min kai. In ta ƙoshi, kukan na mene ne? In kuma yunwa take ji, daga ina ƙibar ta fito? Nawa ne ainihin abin da ya kamata kyanwa ta ci a rana?

Baba Mai Maguna:
Wa alaikumus salam, 'yata. Ni na fi shekara talatin ba a raba gidana da mage, kuma ban taɓa auna wa ko ɗaya abinci ba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Dabba ta san cikinta fiye da yadda ke kika san shi. Ki zuba mata, in ta ƙoshi da kanta za ta juya baya. Abin da nake tsoro shi ne a koya wa mutane ƙididdige wa dabba loma, a wayi gari ana zaluntar abin da ba ya iya magana. Kin san hadisin matar da ta kulle kyanwa, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. Taki ma a kulle take. Haƙƙin cikinta yana wuyanki.

Maman Gimbiya:
Wallahi Baba wannan shi ne abin da ke raina kullum. Shi ya sa ba na iya jin kukanta in ƙyale.

Ɗan Lissafi:
Baba, a gafarce ni, amma a nan zan ɗan saɓa maka. Anti Maman Gimbiya, kafin a ce ki rage ko ki ƙara, akwai abu biyu da ya kamata mu sani. Na ɗaya, ki duba bayan buhun, wajen da aka rubuta kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) nawa ne a kilo ɗaya ko a giram 100. Na biyu, gobe ki zuba abinci kamar yadda kika saba, amma duk zubi ki ɗora a ƙaramin sikelin kicin ki rubuta, da daddare ki auna abin da ya saura ki cire. Sai mu san abin da take ci, ba abin da muke zato ba.

Dalilin da ya sa ba a iya cewa "kofi ɗaya" ko "tafi biyu" shi ne abincin ba ƙarfinsu ɗaya ba. Busasshe yawanci yana da kalori 350 zuwa 420 a giram 100. Na gwangwani ko na leda, mai laima, yana da kamar 70 zuwa 100 ne kawai, saboda kusan kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari nasa ruwa ne. Kenan giram ɗaya na busasshe ya kai huɗun wancan.

Anti Mai Muzuru:
Kafin ku yi nisa da lissafi bari in sa baki, don ni na ƙone hannuna a kan wannan magana. Muzuruna ya taɓa yin ƙiba har ba ya iya lasar bayansa. Wata ƙawata ta ce in rage masa abinci, ni kuma na tashi rana ɗaya na raba rabonsa biyu, kuma a ranar na sauya masa wani sabon iri da aka ce na rage ƙiba ne. Ya shinshina ya tafi. Na ce yunwa za ta dawo da shi. Kwana ɗaya, biyu, uku, bai ci abin kirki ba. Wajen kwana na biyar na ga cikin kunnensa da dasashinsa sun yi rawaya, yana ta dalalar da yawu. Da muka je asibitin dabbobi aka ce kitse ne ya taru masa a hanta. Makonni aka yi ana ɗura masa abinci ta ƙaramin tiyo kafin ya dawo hayyacinsa. Har yau in na tuna gabana faɗuwa yake. Don haka ƙanwata, duk abin da za su gaya miki a nan, kada ki yarda ki yi gasar taurin kai da kyanwa a kan abinci. Kare zai iya haƙura ya ci in yunwa ta matsa, kyanwa kuwa tana iya ƙi har ta kwanta.

Baba Mai Maguna:
To kun ji. Abin da nake gudu kenan.

Likitar Dabbobi:
Sannunku duka. Anti Mai Muzuru, Allah ya ƙara masa lafiya, kuma na gode da kika kawo labarin, don abin da kika gani shi ne haɗari mafi girma a wannan harka. In kyanwa mai ƙiba ta daina ci, jikinta sai ya riƙa kwaso kitse yana turawa hanta don a mayar da shi makamashi, hantar kuma ba ta iya sarrafa shi da saurin da yake zuwa, sai ya cushe ta. Kwana biyu zuwa uku ba ci sun isa a fara damuwa. Duk kyanwar da ta yi yini da kwana ba ta taɓa abinci ba, a tuntuɓi likita, kada a jira.

Amma Baba, da girmamawa, labarin Anti bai nuna a bar kwano a cike ba. Ya nuna kada a yi gaggawa ne. Ƙibar da ta kai muzurun ga wannan hali ai daga cikakken kwano ta fara.

Bari in tambaye ka, magunanka suna fita waje?

Baba Mai Maguna:
Suna fita mana. Su hau katanga, su shiga lambu, wani lokaci sai dare nake ganinsu.

Likitar Dabbobi:
To a nan bambancin yake, Baba, kuma shi ya sa ido ya wadatar da kai. Naka suna tafiya, suna hawa, suna farauta, suna ƙone abin da suka ci. Asalin kyanwa mafarauciya ce mai cin ƙanana-ƙananan abubuwa sau da yawa a rana. Ɓera ɗaya bai wuce kalori 30 ba, kenan wadda ke ciyar da kanta sai ta kama wajen takwas kafin ta cika bukatar yini, kuma ba kowane hari ne ke yin nasara ba. Kowace loma da wahalarta. Ita kuwa Gimbiya taku goma ne tsakaninta da kwano, abincin da ke ciki kuma an busar da shi, an shafa masa kitse da ƙamshi don ya yi daɗi. Ga shi an cire mata mahaifa. Bayan wannan aikin, ko fiɗiya ga namiji, sha'awar ci tana ƙaruwa, bukatar jiki kuma tana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. In ba a rage rabon ba, ƙiba ce ke biyo baya.

Ban ce babu kyanwar da ke iya tsayar wa kanta ba. Akwai su, na sha gani. Amma wadda ta tashi daga daidai ta kai kilo 5.6 ta riga ta nuna mana ba ta cikinsu.

Maman Gimbiya:
Na dawo. Na yi yadda Ɗan Lissafi ya ce, kwana biyu a jere. Ranar farko giram 98 ta ci, ta biyu 92. A buhun an rubuta kalori 3,800 a kilo ɗaya. Ban sa 'yan guntayen kazar da nake jefa mata in ina girki ba, don ban san yadda zan auna su ba. Likita, na duba katinta na asibiti, lokacin da aka yi mata aiki kilo 4.4 take.

Ɗan Lissafi:
Madalla, yanzu magana ta fito. Mu ce giram 95 a rana. Kowane giram kalori 3.8 ne, kenan tana cin 361, ban da kaza.

Ga hanya mai sauƙi ta gano bukatarta. A ɗauki nauyin da ya kamata ta kasance, ba wanda take yanzu ba. Mu ce kilo 4.5. A ninka da 30, a ƙara 70: ya ba da 205. Wannan shi ne abin da jikinta ke ƙonewa ko tana kwance ba ta motsa ba. Ga baligar kyanwa da aka yi wa aiki sai a ninka da 1.2, ya zama 246. Wadda ba a yi wa ba, a ninka da 1.4. A raba 246 da 3.8, giram 65 kenan a rana.

Anti, 65 take bukata, 95 take ci. Kullum tana ƙara kusan rabin rabonta a kai.

Maman Gimbiya:
Innalillahi. Na auna giram 65 yanzu na zuba a kwanon, ko gindinsa bai gama rufewa ba. Wannan ne abincin yini guda?

Ɗan Lissafi:
Shi ne, Anti. Kwanon ne babba. Abin da ke yaudarar ido kenan: giram 10 na busasshe ɗan abin da zai zauna a tsakiyar tafin hannu ne, amma kalori 38 ne, kusan kashi ɗaya cikin shida na abincin yininta. Shi ya sa kofi ma ba ya aiki, yau a cika shi baki, gobe a tsiri shi.

Hajiya Mai Biyu:
Ni dai ba na wahalar da kaina da wannan lissafin. Jadawalin da ke bayan buhu nake bi. Ai masu yin abincin sun fi mu sanin abinsu.

Likitar Dabbobi:
Hajiya, jadawalin wurin farawa ne mai kyau, ya fi zubawa da ka nesa ba kusa ba. Sai dai a kula da abu uku a cikinsa. Adadin na yini guda ne gaba ɗaya, ba na kowane zubi ba, kuma mutane da yawa a nan suke kuskure. Sannan an rubuta shi a kan cewa ba abin da kyanwar ke ci sai wannan abincin. Na uku, in kika bi layin nauyin da take yanzu alhali ta riga ta yi ƙiba, ƙibar kike ciyarwa.

Lissafin Ɗan Lissafi daidai ne, amma shi ma ƙiyasi ne. Kyanwoyi biyu masu nauyi ɗaya, shekaru ɗaya, ɗaya na iya bukatar fiye da ɗaya sosai. Matsakaiciyar kyanwa mai kilo 4 tana faɗawa ne tsakanin kalori 200 zuwa 250, mai yawan barci a ƙasa, mai ƙiriniya a sama. Wanda zai yanke hukuncin ƙarshe shi ne jikinta, kuma ba da ido ake karanta shi ba, da hannu ne, saboda gashi yana ɓoye abubuwa da yawa.

Kowa ya gwada wannan yau. Ki shimfiɗa hannunki, ki shafa bayansa da yatsun ɗayan hannun. Kina jin ƙasusuwan, amma da ɗan rufi a kansu. Haka haƙarƙarin kyanwa mai lafiya yake. In kika dunƙule hannun kika shafa gaɓoɓin, wannan haƙarƙarin ramammiya ne. In kuwa sai kin danna kafin ki ji ƙashi, kamar tudun tafin hannu, ƙiba ce. Sannan ki tsaya a kanta ki dube ta daga sama: ya kamata a ga ɗan ƙugu bayan haƙarƙari. Mu likitoci muna da ma'auni daga 1 zuwa 9, inda 5 ne daidai, kowace lamba a sama da haka kuma tana nufin ƙarin kusan kashi 10 cikin ɗari na nauyi. Abu ɗaya kada ya ruɗe ku: fatar nan da ke lilo a ƙasan ciki gaban ƙafafun baya halitta ce, ko siririyar kyanwa tana iya samun ta.

Baba Mai Maguna:
Na shafa nawa guda uku. Biyu kamar bayan hannu. Tsohuwar cikinsu kuwa ƙashi na ji sosai, har ƙashin bayanta. Kuma ita ta fi kowa ci, Likita, kwano ba ya kwana a gabanta. Shekararta ta kai goma sha uku.

Likitar Dabbobi:
Baba, wannan ka kai ta a duba jininta, kada ka ce ƙarin abinci zai gyara. Tsohuwar kyanwa mai ci da yawa tana ramewa, abin da muke fara zargi shi ne wani ƙululu a wuya da ake kira tayirod ya fara aiki fiye da kima, ko kuma ciwon sukari. Tsutsar ciki ma tana yi, musamman ga mai farauta. Ka lura ko tana yawan shan ruwa da fitsari, ka gaya wa wanda zai duba ta, don ƙoda ma takan gaza a wannan shekarun. Yawancinsu ana iya shawo kansu in an gano da wuri.

Baba Mai Maguna:
Tana sha kuwa. Na ɗauka tsufa ne kawai. Zan kai ta, Allah ya saka da alheri. Amma a kan maganar farko ina nan a kan cewa kada a mayar da kyanwa fursunar sikeli.

Maman Gimbiya:
Likita, to ni yanzu ya zan yi? In sauko 65 kai tsaye? Labarin Anti ya tsorata ni.

Likitar Dabbobi:
A'a, sannu a hankali. Kuma ki fara kai ta a duba ta, don ni ban taɓa jikinta ba, ƙila nauyin da ya dace da ita ya ɗan bambanta da abin da muka ɗauka. In lafiyarta ƙalau, ki bar ta a kan abincin da ta saba, ki sauko giram 85 na mako guda, sannan 75, sannan 65. Ki tsaya a nan kamar wata guda kina auna ta duk mako biyu, a sikeli ɗaya, a lokaci ɗaya na yini. Abin da ake so ta riƙa sauke kusan kashi 1 cikin ɗari na nauyinta a mako, wato giram 50 zuwa 60. Kada ya wuce kashi 2. Kenan kilo ɗaya da ɗan abin da ke kanta zai ɗauki wata biyar ko shida, kuma hakan ne daidai.

In nauyin ya tsaya cak, ana iya saukowa har zuwa kalori 165, amma wannan matakin da likita ake yin sa. Dalili kuwa, in aka rage abinci na yau da kullum sosai, ba kalori kaɗai ake ragewa ba, har da furotin da bitamin. A nan ne abincin da aka haɗa musamman don rage ƙiba yake da amfani, shi ma a cakuɗa shi da tsohon kaɗan-kaɗan har tsawon mako guda.

Kazar da kike jefa mata ba laifi ba ce in dafaffiya ce, ba gishiri, ba ƙashi, ba albasa. Amma duk wani abin marmari kada ya wuce kashi 10 cikin ɗari na kalorin yini, kuma a cire shi daga rabon, ba a ɗora a kai ba.

Anti Mai Muzuru:
Kukan fa shi ne jarrabawar, ƙanwata, bari in gaya miki abin da ya taimake ni. Da safe nake auna rabon yini duka in zuba a ƙaramin gwangwani mai murfi. Duk wanda zai ba shi abinci a gidan, daga nan zai ɗiba. In ya ƙare, ya ƙare. Kafin haka ashe ni ina ba shi, maigida yana ba shi, yara ma suna ba shi, kowa yana zaton shi kaɗai ne ya tausaya masa. Sannan na raba shi huɗu maimakon biyu, na ƙarshen dab da kwanciya, don kada ya tashe mu da asuba.

Kuma na gano ba kowane kuka ne yunwa ba. Sau da yawa in na ɗauko zare na ja masa na minti biyar, ko na taje masa gashi, sai ya manta da kwanon. Mu ne muka koya musu cewa kuka yana kawo abinci, don duk sanda suka yi muna zubawa.

Ɗan Lissafi:
Ni robar ruwa na huda wa ramuka, nake zuba rabin busasshen a ciki. Sai muzuruna ya gangara ta kafin ƙwaya ta faɗo. Abin da yake cinyewa a minti biyu yanzu yana ɗaukarsa kusan minti ashirin.

Hajiya Mai Biyu:
To mai laimar fa? Na ji ana cewa ya fi busasshe. Nawa ake bayarwa?

Ɗan Lissafi:
Lissafin ɗaya ne, Hajiya. Ledar giram 85 yawanci tana da kalori 70 zuwa 85, ki dai duba jikin taki. Kyanwa mai kilo 4 zuwa 4.5 za ta ci kamar uku a rana in shi kaɗai ne abincinta. In haɗawa za a yi, sai a cire. Misali Gimbiya: leda ɗaya mai kalori 75, saura 171, wato busasshe giram 45.

Likitar Dabbobi:
Amfaninsa babba shi ne ruwa. Kakannin kyanwar gida daga busassun wurare suka fito, sun saba samun ruwansu daga jikin abin da suka kama, shi ya sa ƙishirwa ba ta saurin kai su bakin ruwa. Kyanwa tana bukatar kusan mililita 50 a kowane kilo na nauyinta a rana, haɗe da wanda ke cikin abinci. Ga mai matsalar fitsari ko ƙoda, mai laima yana taimakawa ƙwarai, kuma yana cika ciki da kalori kaɗan. Sai dai ba ya jure zama a kwano. In ya yi sa'o'i kaɗan a zubar, lokacin zafi ma kada a bari ya kai haka. Ragowar gwangwani a rufe a sa a firiji.

Sabon Shiga:
Salamu alaikum, ku yi haƙuri na shigo a tsakiya. Ni 'yar ƙarama aka ba ni, makonta tara, nauyinta giram 900. Ita ma giram 65 ɗin zan ba ta? Yanzu dai madara nake ba ta da ɗan nama, amma tana zawo.

Anti Mai Muzuru:
Ɗana, ka tsayar da madarar nan yau. Yawancin kyanwoyi bayan yaye ba sa iya narkar da sukarin da ke cikin madarar saniya, shi ke sa su zawo. Ruwa mai tsabta ya ishe ta.

Likitar Dabbobi:
Gaskiyar Anti. In zawon bai tsaya cikin yini guda ba, ko ka ga ta yi laushi, ka kai ta da sauri, don ƙanana ba sa jure rashin ruwa a jiki. A duba maganar tsutsa da rigakafi ma.

Duk abin da muka faɗa a sama na manya ne. Ƙaramar kyanwa tana gina jiki, bukatarta a kowane kilo ta ninka ta babba sau biyu ko fiye, cikinta kuma ƙarami ne. Ka nemi abincin da aka rubuta na 'ya'yan kyanwa ne, ka ba ta sau huɗu a rana, ta ci ta ƙoshi. Daga wata huɗu zuwa shida a koma sau uku, bayan haka sau biyu ko uku. Alamar tana samun isasshe ita ce ƙarin kusan giram 100 a mako. Wajen shekara ɗaya sai a koma na manya. Mai ciki da mai shayarwa ma abincin 'ya'ya ake ba su, kuma mai shayarwa ba a taƙaita mata ko kaɗan, tana iya cin ninki biyu ko uku na abin da ta saba.

Nama zalla kuwa ka bari, ko da yake kyanwa maciyar nama ce. Tsokar nama ba ta da isasshen kalsiyam. A daji tana cin abin da ta kama ne da ƙashinsa da kayan cikinsa. Ƙaramar da aka raina da tsoka kaɗai ƙasusuwanta suna laushi, har su karye ba tare da wani bugu ba.

Sabon Shiga:
Na gode Likita. Akwai abincin kare a gidan, ba zan iya ɗiban mata a ciki ba kafin in samo nata?

Likitar Dabbobi:
Na kwana ɗaya ba zai kashe ta ba, amma kada ya zama abincinta. Akwai wani sinadari, tawurin, da jikin kare ke iya haɗa wa kansa, jikin kyanwa kuwa ba ya haɗa isasshe, dole ta same shi a abinci. Rashinsa yana lalata ido har a makance, yana kuma raunana zuciya. A 1987 ne masu bincike a jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka nuna alaƙarsa da wani ciwon zuciya da ke kashe kyanwoyi a lokacin, daga nan kamfanoni suka ƙara shi a abincinsu, ciwon ya ragu sosai. Bitamin A ma ba ta iya samar da shi daga ganye ko karas kamar mu. Shi ya sa ake duba jikin buhu a ga an rubuta cewa cikakken abinci ne na kyanwa, ba na ƙari ba.

Tunda mun zo nan, ga waɗanda ke dafa wa nasu: albasa da tafarnuwa suna fasa jajayen ƙwayoyin jininta, ɗanyu ko dafaffu. Hanta kullum tana tara mata bitamin A har gaɓoɓin wuyanta su sandare. Wasu kifaye in ɗanyu ne suna lalata bitamin B1. Dafa wa kyanwa abinci a gida yana yiwuwa, amma sai da tsarin da masani ya auna.

Hajiya Mai Biyu:
Ni matsalata daban. Biyu gare ni, ɗaya ta cinye nata ta ture 'yar uwarta ta cinye na ta biyun. Na shafa su kamar yadda Likita ta ce, ɗaya tudun tafin hannu, ɗaya kuma har ta ɗan rame. Ashe shekara biyu ina bin jadawalin buhu, jimillar daidai, rabon ne ba daidai ba.

Anti Mai Muzuru:
Hajiya ki raba musu ɗaki lokacin ci, ki rufe ƙofa minti ashirin, sannan ki ɗauke kwanukan. Ko ki ɗora na siririyar a wuri mai tsayi da mai ƙibar ba ta iya hawa. Mako guda za su saba.

Maman Gimbiya:
'Yan uwa na dawo da labari bayan mako bakwai. Na kai ta an duba ta, aka ce tana lamba 7 a ma'aunin nan, jininta lafiya. Na bi matakan, yau makonta biyar a kan giram 65, ana rabawa huɗu daga gwangwani ɗaya. Makon farko ya yi min wuya ƙwarai, ta yi ta kuka, sau biyu na kusa buɗe buhun. Labarin Anti ne ya sa nake tsayawa in tabbatar ta cinye rabonta kowane zubi, kuma ba ta taɓa ƙi ba. Yau da safe kilo 5.3. Jiya ta hau saman durowa, rabon da in ga ta yi haka tun bara. Har yanzu tana bina kicin, amma in na ja mata zare sai ta bi zaren.

Baba, yaya tsohuwar taka?

Baba Mai Maguna:
Alhamdu lillahi, 'yata. Ƙululun wuyan ne kamar yadda Likita ta yi zato. An ba ta ƙwaya safe da yamma, ta fara mayar da jiki, an ce in mayar da ita a sake duba jinin da ƙodarta. Ita kam yanzu ina auna mata, don a can asibitin ana tambayata nawa take ci. Sauran biyun suna nan suna hawa katangarsu, da ido nake zuba musu, amma duk Juma'a ina shafa haƙarƙarinsu.

Likitar Dabbobi:
Maman Gimbiya, giram 300 a mako bakwai tafiya ce mai kyau, kada ki rage komai yanzu. Ki ci gaba da 65, ki sake auna ta nan da mako biyu. In awo biyu a jere suka nuna ba ta sauka ba, ki koma wurin wanda ya duba ta ku sake lissafi tare.